Magajin Mai Jar Jaka

Haɗeja, farkon Agusta

Abdulfattah,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman kan teku? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Inna tana gaishe ka, gwiwar tata da sauƙi, sai dai sanyin damina. Adila ta ce in tambaye ka ko jirgin naku ya fi masallacin Juma'a girma. Na ce mata ƙanin ubanta ya fi kowa iya zuƙi, ta bari ya zo ya faɗa mata da bakinsa.

Kada ka yi mamakin ganin hoton takarda maimakon kira. Ka san gidanmu, ko tari na yi a tsakar gida yayanka yana ji, kuma maganar tasa ce. Kai ma ba ka samun sabis sai jirginku ya matso gaɓa. Shi ya sa na rubuta, duk ran da ka gani ka karanta.

Gem ɗin nan nasa ya mutu. Ba na'urar ba, ita ƙalau take. Masu gem ɗin ne can ƙasarsu suka rufe shi, wai ya tsufa. Ni ko sunansa ban taɓa riƙewa ba, Mai Jar Jaka muke ce masa ni da Adila, saboda sojan da yake juyawa yana goye da jar jaka, kuma kullum bayansa ake gani yana gudu da bindiga. Ka san tun da katangar nan ta faɗo masa a ambaliyar shekarun baya ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, da wannan abin yake wuni. In sola ta cika batir, daga hantsi har la'asar yana ciki, yana ihu da wasu abokai uku da bai taɓa gani ba. Na sha yi masa tsiya a kai. Yau da za a dawo min da wannan hayaniyar da na yi sadaka.

Tun ran da ya kunna ya ga an rufe, ya juya fuska bango. Yana sallah, yana cin abin da bai kai na Adila ba, shi ke nan. Ko faɗa ya daina yi min, kuma mutumin da ya girma yana ciniki a kasuwar kifi bakinsa ba ya mutuwa haka kawai.

To ga aikinka, tunda kai ne ɗan boko mai yawon duniya. Ka nemo masa wani irinsa. Kada ka ce min ai duk gem gem ne, irinsa sak nake so.

Kogi kuma ya fara cika. Maza sun soma fita jingar bakin kogi da buhunan yashi, suna ƙara mata tsayi. Masu zuwa daga wajen Miga sun ce shinkafar fadama ta nutse, kan ciyawar kacala kawai ake hangowa. Ban faɗa masa ba, amma tagarsa lungu take kallo, yana ganin samari suna wucewa da shebur.

Matar yayanka,
Hajo

*

Daga kan teku, wajen Fatakwal

Anti Hajo,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya same ni lafiya, na ji daɗin sauƙin Inna. Rubutunki dai yana nan yadda na san shi, sai da na juya wayar sau biyu kafin in gane ina ne sama. Ki gaya wa Adila jirginmu ya fi masallacin, uwarta ce ba ta son gaskiya.

Wallahi da na fara karantawa na zaci jikin Yaya Yunusa ne ya tashi. Ashe gem ne. Wannan ai mai sauƙi ne. Na san shi sarai, ni ne ma na koya masa kafin ya zo ya fi ni. Tsohon yayi ne, na yanzu sun ninka shi kyau. Akwai wani injiniya a jirginmu da ba shi da aiki in ya tashi sai buga gem, shi na tambaya, ya zubo min sunaye kamar mai tilawa. Na zaɓi uku. Ɗaya yaƙi ne a cikin birni, har ƙurar bulo za ki gani in harsashi ya daki bango. Na biyu mutane da yawa ake zubawa a tsibiri, a yi ta gwabzawa sai saura ɗaya. Na ukun a wata duniyar ake yi, da sulke da dodanni. Wani abokina a Kano zai haɗa su, ya ba direba ya kawo tasha.

Zancen juya fuska bango kuwa, ki ƙyale shi ya huce. Tun muna yara haka yake, in aka ci shi a wasa sai ya ƙi tuwo, gobe ka gan shi ya riga kowa fita.

Batun kogi ne ya fi damuna. Gidanmu a kwari yake, kin fi ni sani. Kada ku jira shela. Ku kwashi Inna ku tafi gidan Kawu a Birniwa tun hanya tana biyuwa.

Gobe za mu koma ciki, ban san ran da zan sake samun sabis ba.

Naki,
Abdulfattah

*

Haɗeja, ƙarshen Agusta

Abdulfattah,

Sallama. Da fatan kana lafiya. Inna tana Birniwa, Kawu ya aiko an ɗauke ta, ta tafi tana kuka. Adila ta yi zazzaɓi amma ya sauka. Ni ma dai ga ni nan.

Kayanka sun iso, sun kuma koma kwalinsu. Ya gwada su duka, don in ba shi haƙƙinsa. Na farkon yana buɗewa ya ce, "Ina mutumin?" Babu mutum, bakin bindiga ne kawai da hannu biyu. Ya ce min, "Wannan ai zamana ne a ɗaki, hannu biyu da abin da ke gabana. Me zan kalla?" Na tsibirin ana ganin bayan mutumin, amma kowa abokin gabar kowa ne, in ka faɗi ba mai waiwayarka. Mai sulken nan kuwa tashi sama yake da wuta a bayansa, ƙafarsa da ƙyar take taɓa ƙasa. Ya kalla kaɗan ya ajiye hannun gem ɗin ya ce wannan ba tafiya yake yi ba.

Kai ka koya masa, amma ba ka taɓa zama ka kalle shi yana yi ba. Ni na kalla, ina tsince shinkafa a bakin ƙofa. Ba harbin ne ya dame shi ba. Wani lokaci ba yaƙi ba komai, sai ya hau bene da sojan nan ya sauko, ya sake hawa. Ya shiga ruwa da shi, ya fito, ya tsallake katanga. Idonsa kan ƙafafun yake. Sannan in an harbi abokinsa ya faɗi yana jan ciki, shi ne mai komawa cikin wuta ya ɗago shi. Abokan nan uku ba su san a keken guragu yake ba, kullum ce masa suke ya rugo. Ba su taɓa karɓar lambar juna ba, da aka rufe gem ɗin suka ɓace tare da shi. Ka ce min wai ya huce kamar yaro. Haba Abdulfattah.

Yanzu ga babbar maganar. Lungunmu ya zama taɓo, kekensa ba zai wuce ba ko da mutum goma. In zai fita sai an goya shi har bakin titi. Baƙo maƙwabcinmu ya shigo da samari biyu ranar kasuwa, da motarsa a titi tana jira. Yayanka ya ƙi. Ya ce shi da ya goyi tsofaffin unguwar nan cikin ruwa har ƙirji, ba za a ratsa da shi ta gabansu kamar buhun kifi ba. Na yi lallashi, na yi kuka, na yi masifa. Abin da ya ce kawai, ruwan bai zo ba tukuna.

Rijiyar gidanmu ta cika har baki, da hannu nake ɗiba. Daɓen ɗakin yana tsattsafo da ruwa daga ƙasa ko ba a yi sama ba. Jinga kuma a toshe nan ta ɓulle can. Ina jin tsoro, Abdulfattah. Ka daina yi min wasa ka nemo abin nan, ko zai sa ya waiwayo ya saurare ni.

Hajo

*

Fatakwal

Anti Hajo,

Sallama. Ina lafiya, mun sauko gari na ɗan lokaci. Allah ya ƙara wa Adila sauƙi. Na karanta takardarki ina tsaye a bakin tashar jirgi, sai da na nemi wuri na zauna. Ban gane ba da farko, yanzu na gane.

Na bar tambayar wane ne ya fi kyau, na koma tambayar wane ne mutuminsa yake taka ƙasa. Injiniyan nan har dariya ya yi min, ya ce bai taɓa jin mai neman gem da wannan sharaɗin ba. Na zauna na kalli hotunan gem kala-kala har idona ya yi ja. Na samu ɗaya. Ba sananne ba ne, wasu 'yan tsiraru ne suka ƙera shi. Daga baya ake ganin mutumin, kansa har dunduniyarsa. Tafiyarsa da nauyi, in ya shiga laka sai ya ja ƙafa. Mutum huɗu ake shiga tare, wanda ya faɗi sai ɗan'uwansa ya saɓa shi a kafaɗa ya fitar da shi. Ana iya yi ko babu data, in akwai kuma ni zan zama ɗaya daga cikin huɗun duk ran da na samu sabis. Ki faɗa masa haka, ki ce na ce ya shirya ɗaga ni, don ya san ban iya ɓuya ba.

Na so in sa a kai shi Birniwa, in ce sai ya je can zai same shi. Na fasa, don na san shi, in ya ji ƙanshin dabara sai ya ƙara kafewa. Direban zai kawo Haɗeja.

Amma raina a ɓace yake da shi. Yana da mata da 'ya a ɗakin da ƙasarsa take zufa, yana zancen wa zai gan shi a bayan wa. Kada ki faɗa masa wannan, ni zan faɗa masa in mun haɗu. Ke dai ki haɗa kaya ki ajiye a bakin ƙofa.

Abdulfattah

*

Haɗeja, cikin Satumba

Abdulfattah,

Assalamu alaikum. Yau da farin ciki nake rubuto maka, sai ka yi haƙuri da rubutun. Kowa lafiya, Adila ta ji sauƙi har ta dame ni.

Allah ya yi maka albarka, ɗan boko, ka yi rana. Gem ɗin ya iso, ya kunna, ya yi tafiya da mutumin daga wannan bango zuwa wancan, ya shiga laka ya fito. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya kashe ya ce, "Ya yi. Ki ce wa Abdulfattah ya yi, ya daina wahalar da kansa da nema." Ko kushe ɗaya bai yi masa ba.

Tun daga nan kamar an canja min shi. Ya ci tuwo ya nemi ƙari. Ya sa an kira wanzami ya yi masa aski, ya ce in ciro masa farar shaddar nan ta Idi. Ya kira samarin jinga ya ba su na'urar da gem ɗin duka, ya ce su kai shagon bakin titi inda ruwa ba ya zuwa, su riƙa hutawa da ita. Na ce kai da aka sha wahala aka nemo maka? Ya yi dariya ya ce ai ya gani, ya isa. Rabon da in ji dariyarsa har na manta.

Kuma ya yarda da tafiya. Shi da kansa ya tsara. Ni da Adila da kaya za mu bi motar Baƙo gobe da hantsi, don motar ba za ta ɗauke mu da kekensa gaba ɗaya ba. Jibi Baƙo ya dawo ya ɗauke shi da sassafe kafin lungu ya cika da idanu. Na ce ban yarda in bar shi ya kwana shi kaɗai ba, ya ce samari za su leƙo shi, kuma Adila ba ta gama murmurewa ba, a fitar da ita daga wannan danshin. Gaskiya ya faɗa.

Ɗazu ya kira ni ya ce in yafe masa duk abin da ya yi min tun aurenmu. Na ce kai Malam, Birniwa ce fa ba Makka ba. Ya ce duk da haka. Ya ce kai ma in roƙa masa gafararka.

An ce ruwan da ya taso daga yamma yana tafe, jinga kuma ta jiƙe har sama. Sabis ya fara wasa, bari in tura kafin ya ɗauke. Sai ka ji mu daga Birniwa.

Hajo

*

Daga kan teku

Anti Hajo,

Sallama. Yanzu takardarki ta shigo, ban san tun yaushe kika turo ba. Na kira wayarki ba ta shiga, tasa a kashe, ta Baƙo ma haka.

Kada ki tafi ki bar shi. In kin tafi ki koma. Yaya bai taɓa yabon gem ba tare da ya zage shi ba, har Mai Jar Jakar ma kullum cikin kushe shi yake, ke shaida ce. Mutumin da ya samu abin da yake nema ba ya kyautar da shi a ranar. Aski, farar riga, neman gafara, ki haɗa su wuri ɗaya ki duba. Ba shirin Birniwa yake yi ba. Ki tambayi Baƙo da bakinki ko da gaske sun yi zancen dawowa. In ya ƙi goyo a ɗauke shi da ƙarfi, ya yi fushi da ni har ƙarshen rayuwata, na yarda.

Na roƙi a sauke ni, sun ce sai jirgin kaya ya zo. Ki amsa min ko da kalma ɗaya ce.

Abdulfattah

*

Anti Hajo,

Na ga hotunan da mutane suke turawa, ruwa ya shiga unguwannin kwari. Na gane rumfar mai shayin bakin lungunmu, rufinta kawai ya rage. Na kira Kawu, wayarsa tana ƙara ba a ɗauka. Ba na iya cin abinci. Don Allah wani ya yi min magana.

Abdulfattah

*

Birniwa

Ƙanena Abdulfattah,

Assalamu alaikum. Ni ne, Yunusa. Muna gidan Kawu, ni da Hajo da Adila, kowa da ransa. Inna tana gaishe ka. Wayar Kawu a wurin caji take kwana, shi ya sa ba ka same shi ba. Saƙonninka sai da muka iso nan suka shigo wayar Hajo. Ta karanta, ta miƙo min.

Ka karanta ni daidai. Ban yi niyyar yi wa kaina komai da hannuna ba, na san hukuncin. Zama kawai na yi niyya, in bar ruwan ya zo ya same ni. Kawu ya ce duk ɗaya ne, ban yi masa musu ba. Gem ɗin da ka aiko ya kusa, kuma kusantar ce ta ƙarasa ni. Na kalli mutumin yana jan ƙafa a laka, na ga ko wanne ka nemo wata rana za a rufe shi, in sake komawa kallon bango.

Na gaya wa Hajo Baƙo zai dawo ya ɗauke ni. Na gaya wa Baƙo 'yan'uwan Hajo za su zo daga Jahun da mota. Ban yi tunanin za ta tambaye shi ba, amma ka san ta. Ko gari ba su fita ba ta ce masa gobe ya zo da matashin kujera saboda bayana, ya ce wace gobe. A nan ta sa ya tsaya.

Ina zaune na ji an turo ƙofa. Ta shigo da Adila a baya, zaninta jiƙe har cinya. Na jira masifa, ba ta yi ba. Ta sauke yarinyar a kan gado, ta ɗauko tire ta zauna tana tsince shinkafa kamar ba inda za ta. Na ce ta tashi ta fita. Ta ce abincin rana za ta ɗora. Na yi ihu, na rantse, har na ce zan sake ta. Ta ce to, sai ta yi iddarta a ɗakin, haka shari'a ta ce.

Bayan azahar aka yi shela a lasifikar masallaci cewa jinga ta ɓalle, kowa ya fita. Muna jin mutane suna gudu a lungu. Ni ina kan keke na juya ina fuskantar Hajo, ina roƙonta ta ɗauki yarinyar, ita tana kallon tirenta, ba ta tashi ba. Ruwan bai zo da ƙara ba, ta ƙarƙashin ƙofa ya shigo. Ban gan shi ba.

Adila ce ta sauko daga gado ta ce, "Baba, ruwan da sanyi, ƙafarka tana ciki." Na duba, ya rufe min idon sawu, ban ji komai ba. Ta jawo bokiti ta kife, ta sunkuya ta kama ƙafata da hannu biyu za ta ɗora a kai. Ta yi mata nauyi, ta suɓuce ta koma ruwa. Ta sake kamawa. Lokacin ruwan ya kusa gwiwarta.

Na buɗe baki na ƙwala wa Baƙo kira. Ashe yana zaure da samari tun shigowar Hajo, ita ta ce su jira. Ya goya ni, muka ratsa lungun daga farko har ƙarshe, kowa ya gan ni. Ba zan ce maka ban ji ciwon abin ba, na ji. Baƙo ya koma washegari da kwalekwale, ya ce bangon bayan ɗakin ya zauna, gadon yana ƙarƙashinsa.

Samari sun aiko min da na'urar, sun ce ba su taɓa ta ba. Na sake gwada gem ɗin naka jiya. Mutumin yana juyawa kamar tirela, kuma wanda ya zana bindigar bai taɓa riƙe ko gatari ba. Za mu yi maganarsa in ka zo.

Kada ka ɗauka na warke don na rubuto maka. Abin da ya zaunar da ni a ɗakin nan ya biyo ni Birniwa, wata safiyar nakan farka in same shi yana nan. Na faɗa wa Hajo, na faɗa wa Kawu, ya ce zai kai ni wurin likita, na ce to. Ga shi kai ma na faɗa maka. In ka samu sabis ka kira wayata, ba ta Hajo ba. In na ce maka lafiya lau, ka sake tambaya.

Yayanka,
Yunusa